Ƙwayar Dawa Goma Sha Ɗaya

Ni mutum ne mai son a fara abu daga farkonsa. Saboda haka zan fara da dawar, kafin in zo kan tafiyar.

A gidanmu na Kekun Waje akwai wata dawa da mahaifina ya gada a wurin mahaifinsa. Zangarniyarta ba ta miƙewa sama. Lanƙwashewa take yi ta dubi ƙasa, shi ya sa muke ce mata mai sunkuyo. Ƙwayarta fara ce, da ɗigon ja a gindi. Baba ya ce tsuntsu ba ya jin daɗin zama a kanta, kuma tuwonta yana kwana biyu bai yi tsami ba. Ni dai ban riƙe ɗanɗanonta ba.

A shekarun fari, ina ɗan shekara shida ko bakwai, rumbunmu ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Abin da ya rage shi ne damin iri da aka rataye a ɗakin girki, inda hayaƙi ke dukansa. Manomi ba ya cin iri, kowa ya san wannan. Amma Baba ya sauke damin da hannunsa, ya ba Inna ta sussuka ta daka mana, ni da ƙannena. Ya yi tsammanin zai samo wani a wurin danginmu na Furfuri. Da ya je ya tarar su ma sun cinye nasu.

Tun daga nan bai daina nemanta ba. Duk kasuwar da ya shiga, Bungudu ko Gusau ko Tsafe, sai ya bi layin ma'auna. Zai tsuguna gaban kowane buhu, ya ɗebi tsaba a tafin hannu, ya motsa ta da yatsa, ya mayar. Ma'auna sun san shi. Wasu na tsokanarsa, su ce, "Baba, yau ma amaryarka ba ta zo kasuwa ba." Yakan yi dariya ya ce, "Tana kunya, shi ya sa take sunkuyo." Na girma ina ganin wannan. Na faɗe shi tun yanzu don kada wani ya ce ban san darajar abin a wurinsa ba. Na sani sarai.

Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini, ko "wanga yaro", har na yi gemu. Maganarmu ba ta da yawa. Na gama firamare, ban wuce nan ba. Da aka ba mu jiha, ofisoshi suka yawaita a Gusau, na samu aikin masinja a ɗaya daga cikinsu. Aikin ya dace da ni. Na iya jera fayil, na san wace takarda ke bin wace, na san teburin da ake fara zuwa da wanda ake ƙarewa. Ina karanta Turancin da ke jikin ƙofa da bango. A lokacin ina ganin wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

A shekara ta biyu da samun jiha, bayan an gama girbi, matar ƙanena ta haihu. Ƙanen nawa direba ne a wata jami'a, a wani gari mai nisan tafiyar yini guda. Baba ya ce zai je suna. Inna ba ta iya doguwar mota, sai aka ce ni in raka shi. Na ɗauki hutun kwana huɗu, na rubuta tsarin tafiyar a bayan wata tsohuwar ambulan: ranar tafiya, ranar suna, ranar hutawa, ranar dawowa.

Mun tashi daga Kekun Waje bayan asuba, muka shiga mota a Bungudu, muka canja a tashar Gusau. Lokacin ana wahalar mai, sai da muka jira motar ta cika maƙil. Da muka tsaya a Tsafe direba na neman mai a galan, Baba ya sauka ya nufi masu hatsi na bakin hanya. Na bi shi na ce mota za ta tashi. Ya ce, "Mota da ba ta da mai, ina za ta tahi?" Ya duba buhu uku, ya dawo yana karkaɗe hannu.

An yi suna lafiya. Washegari ita ce ranar hutawa a takardata. Ƙanena zai fita aiki, ya ce maimakon mu zauna muna kallon bango, bari ya ajiye mu a wani gida da ke cikin jami'ar, inda ake adana namun daji da duwatsu da kayan kimiyya don mutane su gani. Ya ce zai dawo ya ɗauke mu kafin azahar. Baba ya tambaya ko namun masu rai ne. Ƙanena ya ce a'a, matattu ne aka gyara. Baba ya ce, "Ashe gidan mushe za ka kai mu." Amma ya ɗauki sandarsa ya gyara rawani.

Gini ne dogo mai ɗakuna shida a jere. A bakin ƙofa akwai wani ma'aikaci mai kaki, dattijo ne shi ma, da ƙaramar rediyo a kan tebur. Ba Bahaushe ba ne, amma yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya miƙe ya gaida Baba da hannu biyu, ya ce, "Baba, sannu da zuwa, ka duba komai, ba sauri." A bayansa akwai allo mai dokoki. Na tsaya na karanta su duka, na fassara wa Baba ɗaya bayan ɗaya. Ba a cin abinci. Ba a shan taba. Ba a ɗaukar hoto. Ba a taɓa komai. Baba ya ce, "To, mun ji. Numfashi fa, an yarda?" Ma'aikacin ya yi dariya. Ni ban yi ba.

An zana kibiya a ƙasa da jan fenti, daga ɗaki na ɗaya har na shida. Na ce mu bi kibiyar. A ɗakin farko ƙasusuwa ne. Akwai ƙwarangwal na giwa da aka harhaɗa da ƙarfe, kansa ya kusa taɓa rufi. Baba ya zagaye shi sau biyu. Ya ce kakansa ya ga giwa da idonsa a dajin yamma da mu, shi kuwa sai yau, ita ma ba nama. A kusurwa akwai ƙwarangwal na mutum a cikin gilashi. Da Baba ya gane abin da ne, ya kawar da kai, ya yi masa addu'a a hankali, ya wuce.

Ɗaki na biyu ya fi yi masa daɗi. Kura ce a tsaye da baki buɗe, ga gada, ga barewa, ga dila, ga tunku. Ya tsaya gaban kurar ya ce, "Ke ce nan? Akuyarmu ukku, yau ga ki an cika ki da ciyawa." Yana kiran sunan kowace dabba tun ban karanta takardarta ba. A wurin tsuntsaye ya ce an yi kuskure, an ɗora wani tsuntsu a kan reshe alhali shi a ƙasa yake yini. Na ce masu ilimi ne suka ɗora shi. Ya ce, "To su tahi daji su gaya mishi."

Na uku macizai ne da kifaye a cikin kwalabe, wurin yana warin asibiti, ba mu daɗe ba. Na huɗu duwatsu ne. Akwai kuma wasu ƙwallaye da aka rataye da waya, babba a tsakiya, ƙanana na kewaye da ita. Na karanta na ce masa babbar ita ce rana, wannan ƙaramar shuɗiya ita ce duniya. Ya dube ta da kyau, ya ce, "Ina Bungudu?" Na ce ba za ta fito ba. Ya ce, "Ikon Allah," ya daɗe yana kallonta. Ina ta duba agogo, don na raba lokacinmu kashi shida, kuma ɗaki na biyu ya cinye rabon na uku.

Ɗaki na biyar na tsirrai ne da amfanin gona. A bango guda an kafa katako mai faɗi, an ɗaure zangarniyoyi a jikinsa da zare, layi-layi: gero, maiwa, dawa iri-iri, shinkafa, acca. Waɗannan ba a cikin gilashi suke ba. Igiya ce kawai aka gitta a gabansu, daidai gwiwa. Ma'aikacin nan ya biyo mu, yana tsaye bakin taga da rediyonsa a hannu.

Ina karanta wata takarda a kan auduga sai na ji Baba ya yi shiru. Na juya. Ya jingina sandarsa da bango. Yana tsaye gaban layi na uku, ya miƙa wuya. A can ƙarshen layin akwai zangarniya ɗaya mai lanƙwasasshen wuya.

Ya ce, "Kai. Zo ka gani."

Na je.

Ya ce, "Ita ce. Wagga ita ce. Dubi jan da ke gindinta." Muryarsa ta yi ƙasa, kamar mai gudun kada ya tada barci. "Mi anka rubuta? Daga wane gari sunka samo ta?"

Na duba takardar da ke ƙarƙashinta. Lamba ce da wasu kalmomi biyu da ba Turanci ba ne, na kasa haɗa su. Babu sunan gari. Ban ce masa na kasa ba. Na ce, "Sun rubuta dawa ce."

Ya ce, "Wannan ko ni na sani."

Sai ya tsallaka igiyar. Ya sa hannu ya tallabi zangarniyar daga ƙasa, ya murza gefenta da babban yatsa, ƙwayoyi suka zubo a tafinsa. Ya ɗauki ɗaya ya ciza, ya duba cikinta, ya ce, "Tana da rai. Ba ta wuce shekara biyu ba." Ya jawo bakin rawaninsa zai ƙulle sauran.

A wurinsa babu laifi ko kaɗan, kuma ya kamata in bayyana wannan. A ƙauyenmu ba a hana manomi iri. Idan ka bi ta gonar mutum ka ga zangarniyar da ta burge ka, kana iya murzar kaɗan ka ƙulle, in kun haɗu ka gaya masa, shi kuma ya ce Allah ya sa ta karɓe ka. Mai gonar ma daɗi yake ji. Wanda ya hana iri, har jikokinsa sai an goranta musu. Da wannan Baba ya tashi, da shi ya tsufa. Ya ga hatsi a rataye, ya ɗauka doka ɗaya ce ko'ina.

Ni kuwa abin da na gani shi ne igiya, da allo mai dokoki, da mutum mai kaki a bakin taga. Na tuna ƙanena a nan yake cin abinci. Na tuna yadda ake kallon mutanen ƙauye a ofishinmu idan suka shigo da takalmi a hannu. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta zama faɗa.

Na ce, "Baba, ka fito daga nan. An ce ba a taɓawa."

Ya ce, "Iri ne."

Na ce, "Ko mene ne. Na karanta maka doka ta huɗu a bakin ƙofa. Nan ba gonar Furfuri ba ce. Kayan gwamnati ne, kowane da lambarsa. Ka mayar."

Ya ce, "In mayar ina? Ƙwaya tana komawa zangarniya?"

Na ce, "Ka ajiye a kan katakon. Sata za a ce ka yi."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ɗakin kuma mai amsa kuwwa ne. Akwai wasu ɗalibai mata biyu a ɗaya gefen, suka juyo. Baba ya dube ni. Bai dubi ɗaliban ba, bai dubi ma'aikacin ba. Ya buɗe tafinsa, ya zuba ƙwayoyin a kan ɗan katakon da ke ƙasan layin, a hankali, yana kare su da ɗaya hannun kada su gangara. Na ƙirga su, don ni komai sai na ƙirga. Goma sha ɗaya ne. Ya tsallako igiyar, ya ɗauki sandarsa.

Ya ce, "To, hukuma. Mu tahi."

Na ce masa akwai hanyar da ake bi. Idan mun koma zan rubuta takarda, a buga ta da tafireta, a aiko wa shugaban wurin, su ba mu a ƙa'ida. Na ce haka ya fi mutunci. Ya ce, "To." Na waiwaya wurin ma'aikacin don ya ga na gyara ɓarnar. Yana kallon waje ta taga, yana murɗa rediyonsa, kamar bai san muna ɗakin ba.

Ɗaki na shida na injuna ne da wutar lantarki. Baba bai shiga ba. Ya fita ya zauna a gindin wata bishiya har ƙanena ya zo. Ni na shiga, na bi kibiyar har ƙarshenta. Ban tuna ko abu ɗaya da na gani a ciki ba.

A hanyar dawowa motar ta sake tsayawa a Tsafe, kusa da masu hatsin nan. Na ce, "Baba, ba za ka sauka ka duba ba? Akwai lokaci." Ya ce, "Na ga inda take." Ya gyara zama ya rufe ido.

Takardar na rubuta ta a makon da muka dawo. Sau uku na sake ta. Na kai wa mai buga tafireta a ofishinmu, ta ce in jira ta gama na ofis. Da aka buga, na ga ya kamata wani babba ya sa hannu don ta yi nauyi. Maigidana na ofis ya yi tafiya, na jira ya dawo. Da ya dawo ya ce wannan ba aikin ofishinmu ba ne, in kai ofishin gona na Bungudu. Na kai. Wanda zai duba ya tafi kwas. Babu wanda ya yi mini laifi a cikinsu, ni ne na ɗora wa ƙwayar dawa matakala bakwai. Ina cikin haka ruwan farko ya sauka, aka yi shuka.

Duk ƙarshen wata ina zuwa Kekun Waje. Baba bai taɓa tambayata takardar ba. Ni nake kawo maganar, in ce ta kai wuri kaza, saura kaza. Sai ya ce, "Madalla." Ya daina bin layin ma'auna. Inna ce ta gaya mini, ta ce ko kasuwar Bungudu ya je, gishiri da goro kawai yake saye ya juyo. Ta tambaye ni abin da ya faru a tafiyar, don shi bai faɗa mata ba. Na ce ba komai.

Ya rasu bayan girbin wannan shekarar, ciwon kwana tara. Ina wurin. Na so in roƙe shi gafarar abin da na yi, amma kullum ɗakin da mutane, ni kuma ina jiran lokacin da ya dace. A rana ta bakwai ya yafe wa kowa a jimla, ni ma ina cikin jimlar.

Bayan sadakar arba'in na ciro takardar daga fayil, na yage ta. Na ce wa ƙanena idan ya koma ya je wurin ma'aikacin nan mai rediyo, ya roƙe shi da baki. Da ya zo hutun sallah ya kawo mini ƙullin takarda, da tsaba kamar cikin cokali biyu a ciki. Ya ce ko minti biyar bai yi ba. Mutumin ya tuna Baba sarai, ya yi ta'aziyya, ya tsallaka igiyar da kansa ya murzo. Ya ce wasu ɗalibai ne suka kawo zangarniyar daga wani ƙauye, ba wanda ya rubuta sunan ƙauyen.

Sannan ƙanena ya ce, "Yaya, akwai abin da ya ce in gaya maka. Ya ce ranar ya ga Baba yana murza. Shi ya sa ya juya yana kallon taga, don tsoho ya ƙulle abinsa a natse. Ya ce shi ma ɗan manomi ne. Da kuka fita ya tattara ƙwayoyin a takarda ya biyo ku, ya tarar da Baba a gindin bishiya, ya miƙa masa. Baba ya gode, ya ce a bar su, ɗansa ya ce zai rubuto takarda."

Na tambaye shi ko mutumin ya ƙara wani abu. Ya ce a'a.

Da damina ta kama na ɗauki hutu na tafi gida. Na zaɓi gefen gonar da ya fi taki, kusa da inda ake ɗaure shanu da rani. Na sa igiya na ja layi biyu, na sara da sungumi da kaina, ƙwaya uku a kowane rami. Na kafa kara a kan kowane layi don kada a haɗa ta da sauran dawa. Ruwa ya zo daidai. Dawar gida da aka shuka rana ɗaya da ita ta fito a kwana na biyar. Na jira har kwana goma sha huɗu. Daga nan na tona rami ɗaya, na tarar ƙwayoyin sun ruɓe. Na tona na biyu, haka. Sai da na tona su duka, bi da bi, har ƙarshen layi.

Wani malamin gona ya ce mini wataƙila an yi mata feshin maganin ƙwari mai ƙarfi tun farko, wataƙila ko a ranar da Baba ya murza ba za ta tsira ba. Ya faɗa ne don ya kwantar mini da hankali. Amma Baba ya ciza ya ce tana da rai, kuma ban taɓa ganin ya yi kuskure a kan hatsi ba. Tsakanin cizonsa da shukata damina guda ta wuce, da rani biyu.

Na bar layukan nan biyu babu komai a wannan shekarar. Inna ta ce in zuba wake kada ƙasa ta tafi a banza. Na ce a bari sai baɗi.

Yanzu idan aiki ya bi da ni ta Tsafe, nakan sauka in bi layin ma'auna. Ina farawa daga buhun farko, in ɗebi tsaba, in motsa ta da yatsa, in mayar, in matsa na gaba. Yaran da ke awo yanzu ba su san Baba ba. Sukan ce, "Alhaji, tiya nawa za a auna?" Sai in ce dubawa kawai nake yi.